Lamba Biyar a Gidan Mushe Arzika

Ina Gecheme, a buron da nake aikin sakatariya, ranar Talata bayan azahar, waya ta yi ƙara. Lambar Inna ce ta fito, amma muryar ƙanenta Kawu Namata na ji. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya ce, "Hadiza, ki yi haƙuri, ki taho gida. Mushe ya riga mu." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, sannan na tsinci kaina ina jera takardu a kan tebur kamar akwai wanda zai tambaye ni su. Kafin in samu motar da za ta fitar da ni Kore Mairuwa, in hau kwalta, in iso Dogon Dutsi, an riga an kai shi. Ban ga fuskar mahaifina ba. Tabarmi na tarar a ƙofar gida, da takalman mutane.

Garin nan ya san shi da Mushe Arzika, domin Mushe ake ce wa malamin makaranta a wajenmu. Shekaru masu yawa ya yi yana koyar da lissafi, kuma har yau akwai manyan ma'aikata da ke gyara zama idan an ambaci sunansa. Mutum ne mai tsari har ya so ya yi yawa. Ba ya ajiye buta inda bai ɗauke ta ba, ba ya fara magana sai ya san inda za ta ƙare. Da ya bar aiki sai ya sayi kwamfuta da injin buga takarda, ya kafa su a ɗakin zaure, yana rubuta wa mutane wasiƙun neman aiki da takardun gona. Makiyayi zai zo daga Sukukutane da takarda a naɗe cikin leda, Baba ya karanta masa ita sau biyu, da Faransanci sannan da Hausa, kafin ya bar shi ya dangwala yatsa. Yakan ce, "Hannun da bai san abin da ya sa wa hannu ba, ba nashi ba ne."

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba, domin shi ma ba zai yarda ba. Baba yana da zafi, kuma ni na gado shi. Idan ya faɗi magana, ko ta ƙone shi ba ya janye ta da baki. Sai dai yana janye ta da aiki, a ɓoye, ta hanyar da sai wanda ya san shi zai gane. Abin da nake so in ba da shaida a kansa ke nan.

Lokacin da ya sa rezo a gida, wato akwatin nan mai fitilu da ke raba intanet ba tare da igiya ba, ya sha wahala da injin bugawarsa. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka maido, sai kwamfuta ta nemi injin ta rasa, alhali ga shi kusa da ita. Baba bai kira kowa ba. Ya zauna sati guda da littafi da tabarau har ya gano dalili. Ya bayyana mini cewa kowace na'ura da ta shiga rezo sai an ba ta lamba, da ita ake samunta, kuma idan an bar akwatin da kansa, rabawa yake yi kamar kujerun mota a tasha, wanda ya riga zuwa ya zauna gaba. Yau injin yana tara, gobe yana sha huɗu, kwamfuta kuwa tana can tana nemansa a tara. Ya ce, "Gida ba tasha ba ne. A gida kowa da ɗakinshi."

Sai ya bi na'urorin gidan ɗaya bayan ɗaya, ya shiga cikinsu, ya rubuta wa kowace lambarta da hannu, wadda ba ta canzawa. Lambar doguwa ce, amma ƙarshenta kaɗai ke bambanta, kuma da shi muke kiran ta. Ya raba ta bisa girma, yadda ake raba nama ranar layya. Ɗaya ta akwatin ce, biyu kwamfutarsa, uku wayar Inna, huɗu tawa, biyar wayar ƙanena Issufu. Injin bugawa ashirin. Baƙi daga hamsin zuwa sama. Ya rubuta duka a kan kwali, ya manna a bango kusa da taga. Idan baƙo ya kwana biyu ya tafi, Baba zai ja layi a kan lambarsa da rula, ba da hannu kawai ba.

Mu biyu ne kaɗai Allah Ya bar wa Inna, ni da Issufu. Shekara biyar ke nan da ya faɗi jarrabawar bak ta kammala sakandare, ya ce shi ya gama da karatu, zai bi samarin da ke tafiya cin rani bakin teku. Baba ya ce sai ya sake zama. Suka yi ta ja har ranar da Issufu ya fito da jaka a kafaɗa. Ina tsaye a wurin. Baba ya ce, "In ka hita ta ƙofar ga, kada ka koma shigowa ta cikinta." Issufu ya duƙa ya gaida Inna, ya fita. Shekarar farko yana kiran Inna daga Kotonu jefi-jefi. Daga baya lambar wayarsa ta daina shiga, waɗanda suka tafi tare da shi suka dawo suka ce ya canza unguwa. Shi ke nan.

Baba bai sake ambaton sunansa ba, amma bai ja layi a kan lamba biyar ba. Kuma kullum, bayan ya dawo daga sallar azahar, kafin ya ci abinci, sai ya zauna gaban kwamfuta ya buɗe wani baƙin allo, ya rubuta kalma ɗaya da lambar. Wannan umarni ne da ke aika ɗan saƙo ga na'ura sau huɗu, a ga ko tana cikin rezo. Idan tana nan sai layi huɗu su fito da amsa. Idan ba ta nan sai su fito da shiru. Baba yana kiran abin ƙwanƙwasawa. Da na tambaye shi, sai ya ce gwajin rezo yake yi. Ban taɓa ganin ya gwada da ashirin ko da uku ba.

Akwai kuma maganar kodi, kalmar sirrin shiga rezon. Tun yana gida Issufu ya raba ta wa abokansa, su kuma suka raba wa nasu, har ya zamana rabin unguwa na jingine da katangarmu suna kallon bidiyo. Kowa ya ce wa Baba ya canza kodin, aikin minti biyu ne. Ya ƙi. Maimakon haka sai ya kashe rabon lamba na akwatin gaba ɗaya. Daga ranar, ko kana da kodi, in ba a rubuta maka lamba a cikin wayarka ba, kana nan a waje. Da tsawa ta ƙone akwatin wata damina, ya sayo sabo, ya sa masa suna iri ɗaya da kodi iri ɗaya, harafi da harafi. Na san dalili, Inna ma ta sani. Wayar Issufu tana riƙe da tsohon suna da tsohon kodi da lamba biyar, kuma duk ranar da ta matso kusa da katanga za ta shiga da kanta.

Sau ɗaya lamba biyar ta amsa Baba yana da rai da lafiya. Inna ta ce ta ga mutum mai shekara saba'in ya fita da gudu ba takalmi, ya zaga bayan gida. Can ya tarar da Hamidu tela, maƙwabcinmu, wanda wani ya koya wa yadda ake rubuta lamba da hannu, ya yi ta cinke har ya faɗa kan biyar. Hamidu ya zata mari zai sha. Baba ya tsaya yana haki, ya karɓi wayar, ya sa masa sittin, ya miƙa masa. Ya ce, "Ka sha rezo iya sonka, Hamidu. Ka ɗauki kowace lamba, ban da wagga." Ranar bai ci abincin rana ba.

Ni kuwa na yi masa laifin da nake roƙon Allah Ya yafe mini. Bara da na zo hutu da sabuwar kwamfuta, ya ce zai ba ta shida. Na ce ga biyar nan tana zaman banza. Raina ya ɓaci da ganin tsoho yana ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a bayanta, sai na ce, "Baba, kai ka kore shi, kuma ba zai dawo ba. Ka bar wahalar da kanka." Ni ce ta fari, ba ya kiran sunana, Uwata yake ce mini. Ya cire tabarau ya ce, "Uwata, ba a ba wani ɗakin wanda ya yi tahiya." Ya sa mini shida.

Washegarin rasuwar na samu Inna ita kaɗai, na tambaye ta yadda abin ya faru. Ta ce lafiyarsa lau ya dawo daga masallaci, ya shiga zaure kamar kullum, ita tana kwashe tuwo. Sai ta ji ya ɗaga murya yadda bai saba ba, ya ce, "Ya amsa! Ke, ya amsa!" Ta ce, "Na ce mishi, wa ya amsa? Shiru. Da na shiga na iske shi kishingiɗe bisa kujera, kanshi ya karkata, kamar mai saurare."

Na shiga zauren. Babu wanda ya taɓa komai, kuma batirin hasken rana ya riƙe kwamfutar. Na taɓa ta, allon ya farka. Baƙin allon nan ne, da layi huɗu, kowanne yana cewa amsa ta zo daga lamba biyar. Ni 'yar Mushe ce, sai na nemi dalili. Na bi wayoyin gidan duka, kowace tana kan lambarta. Na aika aka karɓo ta Hamidu, tana kan sittin, kuma ya rantse ranar Talata yana kasuwa tun safe. Na sake ƙwanƙwasa biyar da hannuna, layi huɗu suka fito da shiru. Na ce wa kaina wani ne ya gitta ya yi cinke, kuma wannan cinken ne ya tsinke zuciyar tsoho. Na ji haushin akwatin nan kamar in jefa shi rijiya.

Ranar Alhamis aka yi sadakar uku. Gida ya cika da baƙi daga Yamai da Dosso, kowa yana son rezo, kuma ba ni da ƙarfin bin wayoyi talatin ina rubuta lamba. Laminu, ɗan Kawu Namata, ya same ni ya ce, "Yaya, tsarin Tonton, babanki, ya yi wuya wallahi. Akwai ɗan rami bayan akwatin, in kin danna da tsinke komai zai goge, ya koma yadda ya hito daga kanti, a sa sabon kodi kowa ya huta." Na ce to. Har cikin raina na so hakan. Bayan azahar na shiga zaure da tsinken tsintsiya, na juya akwatin, na sa bakin tsinken a ramin. Sai idona ya faɗa kan kwalin bango. Na ce bari in yi masa ƙwanƙwasawar ƙarshe, tunda lokacinsa ne. Na rubuta da hannu ɗaya, tsinken yana ɗayan.

Layi huɗu suka fito da amsa.

Na sake, ta sake amsawa. Ban san lokacin da tsinken ya faɗi ba. Rana ce tsaka, irin wadda ko kaji ba sa motsi, kuma bayan katangar zauren nan akwai tsohuwar tsamiya da tun muna yara aka hana mu zama ƙarƙashinta a wannan lokaci. Na fita tsakar gida, na gaya wa Inna a kunne. Gwaggo Tamo, yayar Baba, wadda kunnenta bai tsufa ba, ta ji. Ta ce, "Kada wanda ya leƙa. Abin da ya kira ubanku shi na kiran ku. Doguwa, aljanar tsamiya, ba ta son a amsa mata da rana tsaka." Ni da nake dariyar irin wannan magana tun ina lakwal, wato makarantar boko, wallahi ban leƙa ba. Bayan kamar rabin awa na koma na gwada, ta yi shiru. Na ce wa Laminu ba za a taɓa akwatin ba, ya kalle ni kamar na zautu.

Ranar Juma'a maza duka suka tafi masallaci, tabarmin ƙofar gida suka zama babu kowa. Na zauna gaban kwamfutar ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, na ƙwanƙwasa. Ta amsa. A nan zafin da na gada ya taso mini. Na ce ko mutum ne ko iska, sai na ga wanda ke wasa da lambar ƙanena. Na yafa mayafi na fita ta ƙofar gida, na bi katanga. Titin fayau, babu ko akuya, sai muryar liman daga nesa. Na sha kwana.

Wata mace ce zaune a gindin tsamiyar, cikin baƙin zane, ta juya mini baya. Na yi sallama da muryar da ban gane tawa ce ba. Ta juyo. Yarinya ce da ba ta wuce ashirin da 'yan kai ba, a rame, da yaro ɗan shekara biyu yana barci a cinyarta. A hannunta akwai waya mai tsagaggen gilashi, an ɗaure bayanta da roba. Na san wayar, ni na saya wa Issufu ita.

Ta ce sunanta Mariyama, matar Issufu ce, daga Kotonu ta zo. Ta ce zazzaɓi ya kwantar da shi sati biyu, ya rasu, ta gama takaba sannan ta kamo hanya. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Ta ce kafin ya cika ya ba ta wayar, ya ce, "Ki kai yaron nan Dogon Dutsi, ki tambayi gidan Mushe Arzika, amma kada ki shiga. Ki zaga baya, akwai tsamiya, ki kunna wayar a wurin. In ta kama rezo da kanta, Baba ya yafe mini, ki shiga kanki tsaye. In ba ta kama ba, ya canza kodi, ki ɗauki ɗanki ki koma, kada ki roƙi kowa."

Ta ce, "Jiya na kunna, ko minti ɗaya ba a yi ba ta kama. Amma na ga zaman makoki, aka ce mini shi ne ya rasu. Ta yaya zan shiga wa tsohuwa da mutuwa ta biyu? Na kwana a tasha. Yau na ce in sake gwadawa, ko jiya kuskure ne." Na tuna tsinken da ke hannuna jiya a daidai wannan lokaci. Da na danna shi, da wayar ba ta kama ba, da yarinyar nan ta koma da ɗanta tana ɗauke da amsar da Baba bai taɓa bayarwa ba.

Na tambaye ta sunan yaron. Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta iya faɗa, sunan surukinta ne. Sannan na yi mata tambayar da har yau ban san ko ya kamata in yi ba. Na ce ranar Talata da azahar tana ina. Ta ce tana Kotonu tana ɗaure kaya, sai Laraba ta shiga mota. Na ce wayar fa. Ta ce a kashe take, ƙulle cikin zanensa a ƙasan akwati, tun ranar da ya rasu ba ta kunna ta ba sai jiya a gindin bishiyar nan.

Na ɗauki yaron, na riƙe hannunta, muka shiga ta ƙofar da aka ce kada ubansa ya sake shigowa ta cikinta. Inna ta dubi fuskar yaron, ta gane kafin kowa ya buɗe baki. Kukan da aka yi ranar ba zan iya rubuta shi ba. Da yamma, bayan an natsu, na gaya mata maganar Talata, ina tsammanin za ta firgita. Tana shafa kan jikanta ta ce, "To, ai na hwaɗa miki. Ya ce ya amsa."

Ban san abin da mahaifina ya gani ba, kuma ba ni da ilimin da zan yi hukunci a kai. Allah Shi ne masani. Abin da na sani shi ne layi huɗun da na gani da idona, da kuma cewa bai bar duniya yana ƙwanƙwasa shiru ba. Yanzu wayar Issufu tana kan tebur a zaure, a jone da wuta, Mariyama na amfani da shida tunda na bar mata kwamfutata. Ta Baba na kashe ta, na lulluɓe ta da zane. Lamba biyu tana nan a kan kwali, ban ja mata layi ba, ban ba kowa ita ba. Ban kuma taɓa ƙwanƙwasa ta ba, kuma ba na jin zan yi.

Allah Ya jiƙan Mushe Arzika, Ya yafe masa zafin harshensa, Ya saka masa da alherin duk yaron da ya koyar da duk takardar da ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah Ya jiƙan Issufu, Ya haskaka kabarinsa a ƙasar da babu danginsa, Ya haɗa su a inda babu sauran fushi. Allah Ya ba Inna haƙurin rashin miji da labarin rashin ɗa cikin sati guda, Ya sanyaya zuciyar Mariyama, Ya raya mana ƙaramin Arzika a kan tafarkin gaskiya. Ni kuma Ya yafe mini maganar da na faɗa wa mahaifina bara.

Ya Ubangiji, bawanKa ya bar ƙofa a buɗe shekara biyar saboda ɗan da ya saɓa masa. Ga shi ya zo ƙofarKa. Kada Ka rufe masa. Amin.